Yadda Ake Hawan Dutsen Kufena da Makamantansa a Yini Guda

Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, don haka wanda ya tashi bayan sallar asuba zai iya kasancewa a gindin Kufena kafin rana ta yi ƙarfi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanda dutse yake a bushe. A Maris da Afrilu falalen dutsen yakan ɗauki zafi har ya ƙona tafin hannu tun kafin azahar. Duwatsun Turunku, Kajuru da Kagoro kuwa, kada ka doshe su sai ka tambayi halin tsaro a makon, kuma ka fara gaida mai unguwa, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora.

Kowane mutum ya riƙe ruwa lita 3. A zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a cikin lita ɗaya, saboda gumi yana tafiya da gishirin jiki, abin da zai iya kawo ɗaurewar jijiya a ƙafa. Ƙara da dabino, gyaɗa, hula, tocila da bandeji. Takalmi ya zama kambas mai ƙasan roba mai laushi. Silifas da takalmin fata su ne suka fi jefa mutane ƙasa. Kada ku gaza mutum uku.

Wurin hawa, gaɓoɓi uku su kasance a dafe kafin ka motsa na huɗu. Sabon shiga yakan kwanta da cikinsa a jikin dutse don tsoro, alhali hakan yana ɗauke nauyi daga ƙafa, sai takalmi ya zame. Miƙe ƙugunka, ka ɗora dukan tafin ƙafa, ka yi gajerun taku. Irin wannan dutsen yana ɓarewa falle-falle kamar albasa, saboda haka ƙwanƙwasa duk inda za ka kama: idan ya yi amo kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashi, ka bar shi. Baƙin layin da ka gani ya gangaro hanyar ruwa ce, kuma ko raɓa ta taɓa gansakukar da ke kansa, santsinta ya fi na sabulu.

Saukowa ta fi hawa wuya, domin ba ka ganin inda ƙafarka za ta sauka, gwiwa kuma ta riga ta gaji. Duk inda ka haura, waiga ka tabbatar za ka iya dawowa ta nan. Inda ya yi tsaye, juya ka fuskanci dutsen, ka sauko da baya. Ku juyo da ƙarfe 11, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba.

Kada ka zura hannu a tsaguwar da ba ka ga cikinta ba. Kububuwa da kunama nan suke fakewa, ƙudan zuma ma kan yi saƙa a kogo. Idan maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafin maciji.

Da damina, da zarar hadari ya haɗo ku bar saman dutse saboda tsawa, kuma kada ku fake a kwazazzabo, don ruwan da ya sauka can sama yakan cika shi cikin 'yan mintuna.