Ƙailula: a taƙaita ta, a yi ta da wuri

Jama'a, masu tashi tun asuba su wuni a kasuwa ko ofis, don Allah ku gwada ƙailula bayan sallar azahar. Minti 20 zuwa 30 sun wadatar. In ta zarce haka barci ya yi nauyi, sai mutum ya farka kai na sarawa, jiki a mace kamar an yi masa duka. Shi ya sa nake saita ƙararrawar waya in ajiye ta nesa da tabarma, dole sai na miƙe kafin in kashe ta.

Kada a kai ta bayan la'asar, tana cinye barcin dare. Goro da shayi mai kauri ma a rage su da yamma. Wanda kuwa dama barci ke yi masa wuya da daddare, gara ya haƙura da ƙailular, ya je ya ga likita.