Yadda za ka ziyarci majami'ar Waliyyi Antoni a Faduwa

Tunda na dawo Katsina 'yan uwa daga cocinmu da na Malumfashi suke ta tambayata yaya ake zuwa, to ga shi. Majami'ar tana garin Faduwa ne a Italiya, mutanen garin ma Santo kawai suke ce mata, an fara gininta a 1232, shekara ɗaya bayan rasuwar Waliyyi Antoni, shi ko asalinsa ɗan Lisbon ne ta Fotugal.

Fara da bizar Italiya tun da wuri, kar ka bari sai lokaci ya ƙure. Ka sauka a birnin Benis na Italiya, daga can jirgin ƙasa kamar rabin awa ne ya kai ka Faduwa, sai ka hau taragon cikin gari ka sauka a tashar Santo. Shiga kyauta ne, amma a rufe kafaɗa da gwiwa, mu dai kayanmu na gida sun wadatar, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki.

In ka shiga ka bi layi zuwa kabarin Waliyyi Antoni, za ka ga kowa yana ɗora hannu a kan dutsen yana addu'a shiru, gaskiya nan ne jikina yai sanyi, kar ka yi gaggawa, ka tafi da sunayen waɗanda suka ce ka sa su a addu'a a rubuce don mantuwa. Daga nan ka wuce ɗakin da aka ajiye harshensa, wanda aka tarar bai ruɓe ba a 1263.

Ranar bikinsa 13 ga Yuni cunkoso ba a magana, in da tsofaffi za ka je gara ka zaɓi wata rana, da sassafe.