Darasi na 6: Kula da Furen Okid a Tukunya

Okid ɗin da aka fi ajiyewa a ɗaki shi ne wanda masana ke kira Falinofsis. Ganyensa faffaɗa ne mai kauri, furensa kuma kamar malam-buɗe-littafi. Idan ya samu kulawa, furanninsa kan yi wata 2 zuwa 3 ba su zube ba.

A daji wannan tsiro ba a ƙasa yake fitowa ba. Manne yake a jikin itatuwa, saiwoyinsa a waje, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar da su. Duk wanda ya dasa shi cikin ƙasar lambu ya shaƙe shi ke nan. Abin da ake zuba masa shi ne gutsattsarin ɓawon itace, kowanne kamar kan ɗan yatsa, kashi 4, da gawayi kashi 1. Tukunyar ta kasance da huji da yawa a gindi. Ta roba wadda ake ganin cikinta ta fi, domin saiwa ce za ta riƙa gaya muku halin da ake ciki.

Ban ruwa

A nan aka fi yin ɓarna, kuma yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe okid. Ku dubi saiwa kafin ku ɗauko ruwa. In kore ce shar, ba ta bukata. In ta koma fari-fari kamar azurfa, lokaci ya yi. Yawanci sau ɗaya ne a mako, amma da zafi yakan kai sau biyu.

Da safe ake yi. Ku kwarara ruwa mai ɗumin ɗaki a kan ɓawon har ya riƙa fita ta ƙasa, sannan ku bar tukunyar ta tsane kamar minti 15. Kada ta kwana cikin faranti mai ruwa. Kada kuma ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, inda sabon toho ke fitowa. In ya shiga, ku tsotse shi da auduga, domin idan wurin ya ruɓe da wuya tsiron ya tashi.

Ga wani abu mai ruɗa mutane: ganye ya yi yaushi, ya tattare, sai a ƙara ruwa. Sau da yawa saiwar ce ta riga ta ruɓe, ba ta iya sha. Ku zare tsiron ku duba. Lafiyayyar saiwa tana da tauri. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana lotsewa in an matsa.

Haske da taki

Ku ajiye shi kusa da tagar gabas, ko bayan labule mara kauri. Rana tsaka tana ƙona ganye, ta bar tabon da ba ya gogewa. Ganyen da ya yi kore mai duhu sosai kuma ba fure, haske ne ya yi masa kaɗan. Zafin da yake so daga digiri 18 zuwa 29 ne a ma'aunin Salshiyas.

Takin ruwa kuwa, ku sa rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau ɗaya a mako 2, bayan kun jiƙa saiwar. Sau ɗaya a wata ku wanke ɓawon da ruwa zalla, saboda gishirin taki yana ƙona bakin saiwa.

Bayan fure ya zube

In sandar furen ta bushe, ku yanke ta daga tushe. In tana nan kore, ku yanke santimita 2 sama da gaɓa ta biyu daga tushe, wataƙila ta sake yin reshe. Ku goge almakashi da sifirit tukuna. Da sifirit ɗin nan ne kuma ake goge fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da ke ɓuya a ƙarƙashin ganye.

Bayan zubewar fure ne lokacin canjin tukunya, duk shekara 1 zuwa 2, domin ɓawo yana rududdugewa ya toshe iska. Ku cire tsohon duka, ku datse ruɓaɓɓun saiwoyi, ku sa a tukunyar da ta ɗara tsohuwar kaɗan. Saiwoyin da suka leƙo waje kuwa, ku ƙyale su, lafiyarsu ƙalau.