Yadda za ka aika imel na neman aiki a harkar fim

Da farko duba adireshinka na imel. Furodusa a Kano ko Yamai ba zai kula saƙon da ya fito daga "sarkinsoyayya" ba. Buɗe sabo da sunanka na yanka.

A layin take ka rubuta abin da kake so kai tsaye: "Neman aikin ɗaukar hoto, daga Maraɗi".

Sai gaisuwa, gajeriya: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe." Ba zaure ba ne, bar tambayar gida da gajiya. Faɗi ko kai wane ne da abin da hannunka ya iya: kamara, sauti ko tace hoto.

Nan ne yawanci ake tuntuɓe. Kada ka ce "na iya komai", nuna aiki. Ko bidiyon biki ne da ka ɗauka a unguwarku, yanko minti biyu mafi kyau. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, don haka ɗora shi a YouTube ko Google Drive, ka saka mahaɗin. Ka gwada shi a wayar wani tukuna, kada ya zama a kulle.

Haɗa CV, wato takardar bayanin karatunka da ayyukanka, a PDF. Lambar wayarka kuwa, in ta Nijar ce, fara ta da +227, don mai kira daga Najeriya.

Karanta sau biyu kafin ka tura. In mako ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya.