Yadda ake ƙyanƙyashe ƙwan kaji da inji a gida

Kafin ka kunna inji, fara da ƙwan. Ƙwan kiret na shago yawanci daga gonar da babu zakara yake fitowa, ko wata guda ya yi a inji ba zai ƙyanƙyashe ba. Nemi na kajin da ke tare da zakara, ɗaya ga kaji 8 zuwa 10, kuma kada ƙwan ya wuce kwana 7. Ware mai tsaga, mai kashi a jiki, da wanda ya cika girma ko ƙanƙanta. Kada ka wanke shi, don ruwa na cire kariyar ɓawon, cuta ta shige. Ajiye shi kusa da randa, tsinin a ƙasa, ba a firji ba.

Bar injin a kunne ba komai a ciki na awa 24, ka tabbatar zafinsa ya tsaya a digiri 37.5 zuwa 37.8 a ma'aunin Salshiyos, in mai fanka ne. Sa wani ma'aunin zafi daidai tsayin ƙwan, domin lambar da ke jikin ƙananan injuna takan yi kuskure. Zafi in ya yi yawa, 'yan tsaki su fito da wuri, wasu da karkatattun ƙafafu. In ya gaza, su makara.

Danshi ma wuri ne da ake yawan yin asara. Ana son kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har rana ta 18, sannan 65 zuwa 70. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, ruwan tiren da ke cikin injin don ba da danshi kan ƙafe da sauri, fatar cikin ɓawo ta manne wa ɗan tsako ya kasa juyawa. Ƙara ruwa mai ɗumi, ka sa soso a cikin tiren. Da damina kuwa rage ruwan, in ba haka ba gurbin iskar da ke faffaɗan gefen ƙwai ba zai buɗe yadda ya kamata ba, ɗan tsako ya shaƙe. Bazara ma da tata matsalar: inji ɗumamawa yake yi, ba ya sanyayawa, saboda haka ɗakin kwano da rana ta gasa bai dace da shi ba.

In injin ba ya juya ƙwai da kansa, yi wa kowanne alama da fensir a gefe biyu, ka riƙa juyawa sau 3 ko 5 a rana.

Rana ta 7 haska kowane ƙwai da tocila a ɗaki mai duhu. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo. Wanda ya fito fayau, ko mai zoben jini, cire shi kafin ya zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran. Maimaita a rana ta 14.

In an ɗauke wuta, kada ka buɗe murfi. Rufe injin da bargo, ka bar ƙofofin iska a buɗe, kafin ka tada janareta ko ka haɗa batir.

Daga rana ta 18 an daina juyi, an daina buɗewa. Wajen rana ta 21 za ka ji kukansu tun suna ciki. Ɗan tsako kan ɗauki har awa 24 daga huda ɓawo zuwa fitowa. Kada ka ɓare masa, jijiyoyin jininsa ba su gama janyewa ba. Bar shi ya bushe a ciki, sannan ka mayar da shi wurin raino mai zafin digiri 32 zuwa 35, ka fara ba shi ruwa kafin abinci.