Darasi na Bakwai: Jakar Iska a Cikin Mota

Duba tsakiyar sitiyari. Idan ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG, to akwai jakar iska a naɗe a ciki.

Da mota ta yi karo mai ƙarfi, na'urar da ke jin bugu sai ta kunna wani sinadari, ya fitar da iskar gas, jakar ta kumbura. Kafin ƙiftawar ido an gama. Tana tare mutum kuma sai ta sace ta 'yan ƙofofin da ke jikinta.

Ta sitiyari tana tare fuskar direba da ƙirjinsa. Ta gaban fasinja ta fi girma. Wasu motocin suna da ƙarama a ƙasan sitiyari saboda gwiwa.

Karon gefe shi ne abin tsoro, don tsakaninka da motar da ta buge ka babu komai sai ƙofa. Kamfanin Volvo ne ya fara saka jaka a gefen kujera a 1994, tana kare haƙarƙari. Daga baya aka kawo mai kama da labule, wadda ke saukowa daga rufin mota ta rufe tagogi. Ita ce ke hana kai buguwa da gilashi, kuma ba ta saurin sacewa, saboda ko da mota za ta yi ta wuntsilawa.

Amma fa jakar nan ba matashin kai ba ce. Gudun fitowarta kan kai kilomita 300 a awa. Wanda bai ɗaura bel ba, da ita zai yi karo tana tsakiyar fitowa. Direba ya bar santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari, wato taƙi guda da ɗan ɗori. Yara su zauna a baya. Ɗora yaro a cinya a kujerar gaba ganganci ne, haka ma cusa mutum biyu a gaba da ake yi a motocin haya: mutum ɗaya aka auna wa jakar.

Sau ɗaya take aiki. In za ka sayi motar hannu, murɗa makulli ka dubi 'yar fitilar jakar iska. Za ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. In ta ƙi mutuwa, ko ba ta kama ba sam, kai wa bakanike kafin ka biya kuɗi.