Yadda na samu bulon tanderu mai jure wuta

Bangon tanderun da nake gasa tukwane ya tsattsage, don jan bulon gini ba ya jure zafin 1,200°C. Na zaga masu kayan gini, duk bulon siminti suke nuna mini. Na waje kuwa, kuɗin kawo shi ya fi kuɗinsa.

Wani tsohon magini ya ce in buga da kaina. Na sa direban mota ya kawo mini farar ƙasar garin Ƙanƙara na jihar Katsina, na jiƙa, na tace. Na kwaɓa mudu biyu na ƙasar da mudu biyu na garin katako daga wurin masu yankan katako, da mudu ɗaya na dakakken tsohon bulo. Na buga bulon, na shanya su a inuwa, kada rana ta fasa su, sannan na gasa, ina ƙara wuta a hankali. Garin katakon ya ƙone ya bar ƙananan ramuka masu tsare zafi.

Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Baba magini.